Da Ruwan Ciki Akan Ja Na Rijiya

Duk shekara idan aka gabatar da kasafin kuɗin jihohinmu da na ƙananan hukumomi, da wuya a rasa kason da aka ware domin haƙa rijiyoyin burtsatse. 'Yan majalisa suna haƙawa a mazaɓunsu, ƙungiyoyin agaji suna haƙawa, attajirai ma suna haƙawa da niyyar sadaka mai gudana, Allah Ya saka wa kowa da alheri. Abin da ba kasafai ake cin karo da shi ba shi ne kason da aka ware domin a san yawan ruwan da ke kwance a ƙarƙashin ƙasar da ake ta hudawa, da kuma hanyar da yake bi ya koma bayan an ɗebe shi. Muna ta zura guga, amma ba mu damu mu tambayi wanda ke cika rijiyar ba.

Bari in ɗauki misali da Madachi, ɗaya daga cikin mazaɓun ƙaramar hukumar Rano, a kudancin Jihar Kano. Duk wanda ya bi ta Rano ko Kibiya ya ga duwatsun da suka yi wa yankin ado. Waɗannan duwatsu kawunansu kawai muke gani, jikinsu kuwa yana shimfiɗe a ƙarƙashin gonaki da gidaje. Masana ilmin ƙasa sun daɗe da bayyana cewa kudancin Kano yana zaune ne a kan tsohon dutse mai tauri, wanda ba ya riƙe ruwa sai a wurare biyu: a cikin ruɓaɓɓen dutsen da ke samansa, da kuma a cikin tsagogin da ke jikinsa. Saboda haka zancen nan da jama'a kan yi cewa akwai kogi a ƙarƙashin ƙasa bai shafi irin wannan yanki ba. Abin da ke akwai ya fi kama da ƙananan tuluna da aka binne a warwatse, wani cike, wani rabi, wani wayam. Shi ya sa za a haƙa burtsatse a nan ta yi ruwa, a matsa kaɗan a haƙa wata ta ƙi. Wanda ya nausa arewa maso gabas, wajen Gumel da Haɗejiya, zai tarar da ƙasa mai yashi da laka ta kwarin Tafkin Chadi, wadda ajiyarta ta fi yalwa. Su kuma waɗannan tuluna na kudu ba su da mai cika su sai damina, wadda ba ta wuce wata biyar, sannan a ci gaba da ɗiba har tsawon rani da bazara.

Wani zai ce ai Rano maƙwabciyar Tiga ce. Gaskiya ne. Madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, tana nan kusa, kuma babbar magudanarta tana bi ta Ruwan Kanya kafin ta shayar da gonakin Kadawa da Kura da Bunkure. Sai dai ruwan magudana na wanda gonarsa ke bakin magudana ne. Mutumin da ke kan tudu, da matarsa da dabbobinsa, rijiya ce gatansu.

Akwai kuma wata Madachin, takwarar ta Rano, a ƙaramar hukumar Kirikasamma ta Jihar Jigawa, cikin dausayin Haɗejiya da Nguru. A matsayina na ɗalibin harshe, nakan ji daɗin yadda bishiyar madaci ta raɗa wa garuruwa biyu suna ɗaya, ɗaya a kusa da inda aka tare kogi, ɗaya a inda tarewar ta fi yin ciwo. Bayan gina Tiga, da kuma madatsar Challawa a 1992, ambaliyar da kan malale fadamun Haɗejiya duk shekara ta ragu, alhali wannan ambaliya ita ce ke nutsewa ta cika ajiyar da manoman rani ke ja da injin ban-ruwa. A fadamar wannan Madachi ta Jigawa ne wasu masana tattalin arziki biyu, Gayatri Acharya da Edward Barbier, suka yi nazarin da suka wallafa a shekarar 2000, inda suka ƙiyasta a kuɗi irin asarar da mai noman alkama da mai noman kayan lambu za su tafka idan ruwan ƙasa ya ƙara yin nisa. Nazarin ya zama abin kafa hujja a duniya. Abin lura a nan shi ne, sai da aka gina madatsun aka gama, sannan aka zo ana lissafin abin da suka rage wa rijiyoyin mutanen gabas. Da binciken ya riga siminti, da an tsara sakin ruwan tun ran gini.

Maƙwabtanmu na Nijar sun ba mu darasi na daban. A yankin da ke gabashin Yamai, masana sun bi diddigin zurfin rijiyoyi na tsawon shekaru, sai suka gano abin da ba wanda ya zata: daga 1963 zuwa 2007 ruwan ƙasa ya ɗago da kimanin mita 4, duk da farin da aka sha a shekarun 1970 da 1980. Dalili shi ne share daji domin noma ya sa ruwan sama yana gangarowa da yawa zuwa tafkuna, daga tafkunan kuma yake tsiyayewa ƙasa. Ba ina yabon saran itatuwa ba ne, Allah Ya kiyaye. Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne, a ƙasa irin tamu ruwa ya fi shiga ajiyarsa ta tafki da ƙorama da kududdufi, kuma awo na shekara da shekaru ne kaɗai ya tona wannan asiri. Ga mu nan kuwa a birnin Kano mun cike kududdufai masu yawa mun yi gini a kansu, sannan kowane gida ya huda burtsatsensa.

A 2019 mujallar kimiyya ta Nature ta wallafa wani nazari da ya tattara bayanan rijiyoyin awo na shekaru masu yawa daga ƙasashen Afirka tara. Ya nuna cewa a yankuna masu ƙarancin ruwa, mamakon ruwan sama da ambaliya su ne ke cika ajiyar ƙasa, ba yayyafi ba. Nijar tana cikin ƙasashen, haka Burkina Faso da Ghana da Benin. Nijeriya, uwa ba da mama, ba ta ciki.

Ba za a ce babu hukumomi ba. Muna da Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa a Kaduna tun 1979, da Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are tun 1976, da hukumar NIHSA mai alhakin tattara bayanan ruwa, ga kuma Cibiyar Nazarin Noma a Busassun Yankuna ta Jami'ar Bayero. Ba za a kuma ce babu kuɗi ba. A 2020 an ware wa asusun bincike na TETFund Naira biliyan 7.5, sannan a Disambar 2021 Bankin Duniya ya amince da bashin Dala miliyan 700 domin shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasa da ruwa a jihohin Arewa 19 da Abuja. A ganina matsalar tana ga siffar tallafin. Mu malaman jami'a mun san yadda abin yake: a ba ka kuɗin shekara biyu ko uku, ka ɗebo samfurin ruwa daga rijiyoyi ashirin, ka wallafa maƙala, ka sami ƙarin girma, shi ke nan an rufe fayil. Ruwan ƙasa kuwa ba ya bayyana halinsa a shekara biyu. Sai an ga damina mai albarka da maras albarka sun yi ta zagayowa kafin a ce ga abin da ake iya ɗiba ba tare da an ci uwar kuɗi ba.

Saboda haka ina kira ga Gwamnatin Jihar Kano da Majalisar Dokokinta da su kafa tallafin bincike mai dogon zango, wanda doka za ta kare shi daga sauyin gwamnati. Hanyar samun kuɗinsa ba ta da wuya: a cire ɗan kaso daga kowace kwangilar burtsatse da gwamnati ta bayar. Da shi za a keɓe rijiyoyin awo, waɗanda ba a ɗiban ruwansu, a wurare irin su Madachi da Kibiya, a riƙa auna zurfinsu kowane mako tare da ruwan saman da ya sauka. A wajabta wa duk kamfanin da ya haƙa burtsatse ya miƙa bayanin abin da ya tarar, a mita nawa ya cim ma dutse, a mita nawa ya cim ma ruwa, ko da bai sami ruwan ba, domin burtsatsen da ta ƙi ruwa ma labari ce mai tsada. Sannan a gwada ƙananan shingaye a kan ƙoramu, da yashe tsofaffin tafkuna, a auna a gani ko rijiyoyin kusa sun amsa, kafin a bazama ana yi ko'ina.

Akwai kuma batun harshe, wanda a nan ne nake da ta cewa. Tsohon mahaƙin rijiya ya san a gaba nawa ake samun ruwa a kowace unguwa, ya san rijiyar da ta ƙafe a farin 1973 da wadda ta jure, ya san bambancin marmaro da idon ruwa da ruwan da ke da zartsi. Wannan taskar bayanai ce da ba ta cikin kwamfuta, kuma masu ita suna ta ƙarewa. Duk tallafin da za a bayar ya kamata ya ƙunshi ɗaukar bayanansu, ya kuma shardanta cewa a mayar wa jama'a da sakamakon cikin Hausa, a rediyo da gaban dagaci. Indiya ta gane haka: shirin Atal Bhujal Yojana da ta ƙaddamar a Disambar 2019 ya ɗora wa ƙauyuka da kansu aikin lissafin ruwan da suke da shi da wanda suke ɗiba.

Na san masu cewa mai ƙishirwa ruwa yake nema, bincike kuwa aikin ƙoshi ne. Ina fahimtar su. Amma ina roƙon su zaga ƙauyukanmu a watan Afrilu, su ƙirga famfunan tuƙa-tuƙa da tankokin da ke tsaye ƙayau da sunan wanda ya ƙaddamar da su a jiki, su tambayi nawa aka kashe a kan kowanne, sannan su gwada jimillar da kuɗin rijiyar awo guda ɗaya da albashin ɗan garin da zai riƙa zura mata ma'auni duk ranar Juma'a.