Gaiwa da Masu Riƙe da Lalitar Bincike

Duk lokacin da ɗalibin digiri na biyu ko na uku ya ce zai yi bincike kan yadda dabba ke rayuwa cikin ƙarancin iskar oksijin, masu riƙe da lalitar bincike sai su tambaye shi: wa zai ci wannan? Tambayar nan ta kashe ayyuka masu yawa tun suna kan takarda, kuma ina ganin masu yin ta ba su duba tarihin likitanci ba.

A shekarar 2017, Thomas Park na Jami'ar Illinois da ke Chicago da Gary Lewin na Berlin, tare da abokan aikinsu, suka wallafa sakamakon nazarin wani ɓera marar gashi da ke zama cikin ramuka a Kenya da Habasha da Somaliya. Sun gano yana iya yin minti 18 babu oksijin ko kaɗan, a dawo masa da iska ya farfaɗo ya ci gaba da harkarsa, alhali ɓeran gida ba ya kai minti ɗaya. Bugun zuciyarsa kan sauka ƙasa sosai, ƙwaƙwalwa da zuciya su koma ƙona furuktos, sukarin da ke cikin 'ya'yan itace. To ai yankewar oksijin ce ke kashe ƙwaƙwalwar wanda ya samu shanyewar ɓarin jiki, ita ke nakasa jaririn da ya daɗe bai yi kukan farko ba, ƙarancinta kuma ke tayar wa mai sikila da ciwo. Ya za a ce sanin sirrin wannan dabba bai shafe mu ba?

Masu riƙe da lalitar za su ce har yau ɓeran bai ba da magani ko ɗaya ba, ga zazzaɓin cizon sauro na jiran kuɗi. Gaskiya ne, bai bayar ba tukuna. Amma a 1952 Per-Ingvar Brånemark na ƙasar Suwidin yana nazarin gudanar jini ne kawai a ƙashin zomo, ya tarar ƙarfen titaniyom da ya sa ya manne da ƙashin ya ƙi fita. Sai a 1965 ya dasa wa mutum na farko haƙora da wannan ƙarfe. Da an nemi riba daga hannunsa a shekarar farko, da aikin ya tsaya a kan zomo.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne gaiwa. Ga ta nan a fadamun Haɗeja da Nguru da bakin Tafkin Chadi, ruwa ya janye ta shige laka, ta lulluɓe kanta da yauƙi, ta rage bukatar jikinta ga iska da abinci, ta yi watanni har damina ta dawo. Kowane masunci ya san ramin da take. Ɗalibinmu na iya kaiwa gare ta da kuɗin mota, abin da yake rasa shi ne na'urar awo, da wutar da ba ta ɗaukewa, da tallafin da zai kai shi ƙarshen digiri. Waɗannan kuwa a hannun masu riƙe da lalitar suke, kuma su muke roƙo su karanta takardar ɗalibin har ƙarshe kafin su tambaye shi wa zai ci.