Laifi ɗaya, hukunci biyu: halin da fursuna kurma yake ciki

A watan Satumba na shekarar 2000 aka tsinci gawar wani ɗalibi a ɗakin kwanansa a Jami'ar Gallaudet da ke birnin Washington na Amurka, makarantar da aka kafa tun 1864 domin kurame. Ba a gama jimami ba, a watan Fabrairu na 2001 aka sake kashe wani ɗalibin a wannan gini. Dukansu biyu 'yan shekara 19 ne, kuma dukansu kurame. Wanda ya kashe su, Joseph Mesa, shi ma kurma ne, ɗalibi kamarsu, kuma kwaɗayin kuɗinsu ne ya kai shi. An yi masa shari'a da tafintocin maganar hannu. Lauyoyinsa sun kawo hujjar taɓin hankali, kotu ta ƙi karɓa, a 2002 aka yanke masa ɗaurin rai da rai babu damar saki.

Ban ga abin kushewa a wannan hukunci ba. Duk mai son kare haƙƙin kurman da ya zubar da jini, to ya fara tuna iyayen yaran nan biyu. Rashin ji ba ya hana mutum sanin girman rai. Abin da ya fi damuna shi ne abin da ke samun kurma tun daga ranar da ɗan sanda ya riƙe hannunsa har ranar da zai fito daga gidan yari, in har ya fito. Matsayina a nan ɗaya ne: a hukunta shi gwargwadon laifinsa kamar kowa, amma kada a ɗora masa wani hukunci na biyu wanda alƙali bai furta ba.

Wasu ƙasashe sun ɗauki hanyar sassauci kai tsaye. Sashe na 19 na dokar laifuka ta ƙasar Sin ya ba alƙali dama ya rage wa makaho hukunci, ko wanda ba ya ji kuma ba ya magana, ko ma ya ɗauke masa baki ɗaya. Japan ta daɗe da irin wannan tanadi a sashe na 40 na dokarta ta 1907, sai a 1995 ta soke shi. Ƙungiyoyin kuramen ƙasar suna cikin waɗanda suka nemi a soke ɗin. Sun gane cewa dokar da ta ce hankalinka bai kai ka ɗauki laifinka ba, gobe da ita za a kafa hujja a ce ba ka isa riƙon dukiya ba, ba ka isa sa hannu a takardar ciniki ba, ba ka isa a ba ka aiki ba. Ina tare da su. Sassaucin da aka gina a kan raini yana da tsada, kuma kuramen da ba su taɓa taka doka ba su ne ke biyan kuɗinsa.

Amma kafin a zo ga hukunci akwai shari'a, kuma a nan ne ake fara cutar kurma. Masu ji da yawa suna zaton ya isa a ɗaga murya, ko a rubuta masa tambaya a takarda, ko a bar shi ya karanci leɓen mai magana. Kallon leɓe ɗan abin da yake kamawa kaɗan ne, sauran duk cinta ce. Rubutu kuwa ga wanda aka haifa ba ya ji harshe ne na biyu, in ma ya samu zuwa makaranta. Kusan tara cikin goma na yara kurame iyayensu masu ji ne, da yawansu kuma suna girma a gidan da babu wanda ya iya maganar hannu sosai. Irin wannan yaro yakan saba da gyaɗa kai don a rabu lafiya. Ranar da ya gyaɗa kan nan a gaban ɗan sanda mai bincike, sai a rubuta cewa ya amsa laifi.

Shari'ar da ta fi nuna wuyar lamarin ita ce ta Donald Lang a birnin Chicago. A 1965 aka tuhume shi da kashe wata mata. Ba ya ji, ba ya magana, bai iya karatu da rubutu ba, bai kuma koyi maganar hannu ba. Kotu ta ce ba zai iya fuskantar shari'a ba, aka ajiye shi a asibitin masu taɓin hankali. Lauyansa Lowell Myers, wanda shi ma kurma ne, ya dage a yi masa shari'a ko a sake shi. A 1971 aka sake shi bayan mutuwar babban mai shaida, kuma a cikin shekarar aka sake kama shi kan kisan wata matar. An same shi da laifi a 1972, kotun ɗaukaka ƙara ta rushe hukuncin a 1975 saboda bai san abin da ake yi da shi a kotu ba, ya ci gaba da zama a tsare. Gaba kura, baya sayaki: a sake shi, ana tsoron rayukan mutane, a hukunta shi, an hukunta wanda bai kare kansa ba.

Labarin Junius Wilson ya fi wannan ɗaci. Baƙar fata ne, kurma, a jihar North Carolina. A 1925, yana ɗan shekara 17, aka zarge shi da yunƙurin fyaɗe. Irin maganar hannun da ya koya a makarantar kurame baƙar fata ba wanda ya gane ta a kotu, sai aka yanke cewa mahaukaci ne. Aka kai shi asibitin mahaukata na Goldsboro, aka yi masa dandaƙa. Ba a taɓa tabbatar masa da laifi ba. Sai a 1994 aka fitar da shi daga ɗakin kulle, ya rasu a 2001. Kotun ƙolin Amurka ta ce a 1972, a shari'ar wani kurma mai suna Theon Jackson da aka tuhuma da fashin dala tara, ba a tsare mutum har illa masha Allahu don kawai ba zai iya fuskantar shari'a ba. Hukuncin ya zo, amma Wilson ya ƙara shekara 22 a kulle bayansa.

To mu ɗauka an yi shari'ar gaskiya, an tabbatar da laifi, an yanke shekara ashirin. Gidan yari wuri ne da ake tafiyar da shi da sauti. Ƙararrawa ce ke tada mutane, da baki ake kiran ƙidaya, da tsawa gandiroba yake ba da umarni, sau da yawa daga bayan mutum. Fursuna kurma bai ji an ce ya tsaya ba, sai a rubuta masa taurin kai. Bai ji kiran abinci ko na asibiti ba, sai ya kwana da yunwa ko da ciwo. Aka sa masa ankwa ta baya, an rufe masa baki ke nan, domin da hannu yake magana. Aka kira shi ya kare kansa kan laifin da aka ce ya yi a cikin gida, babu tafinta. Likita ya ba shi magani bai san na mene ne ba. Azuzuwan koyon sana'a da na gyaran hali, waɗanda ake dubawa kafin a yi wa fursuna afuwa, da baki ake koyar da su. Ƙarshenta yakan fi mai ji da suka yi laifi iri ɗaya daɗewa a ciki.

Ga kuma haɗari. Ba ya jin takun mai zuwa cutar da shi, idan an cuce shi kuma ba shi da hanyar kai ƙara. Mafitar da jami'ai suka fi saurin ɗauka ita ce a keɓe shi a ɗaki shi kaɗai da sunan kariya. Mutumin da dama ya shekara bai samu abokin hira ba, an ƙara masa kaɗaici a kan kaɗaici. Harshen da ba a amfani da shi yakan dushe, hankali ma yakan taɓu. Babu alƙalin da ya rubuta wannan a takardar hukunci.

Kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta duba irin wannan sau biyu. A 2010 ta kama ƙasar Latviya da laifi kan wani matashi kurma da ya faɗo daga kan matakala ya bugu a ka. 'Yan sanda suka ɗauka maye ne, suka kulle shi, suka karɓe ɗan littafin da yake rubutu a ciki don a fahimce shi, ya yi ta buga ƙofa ba wanda ya kula, daga baya ya rasu. A 2012 ta ce Hangari ta wulaƙanta wani kurma da bai iya karatu ba, wanda aka tsare kusan wata uku kan zargin ƙwace ba tare da an yi masa tanadin da ya dace da halinsa ba. Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na kula da fursunoni, waɗanda aka sa wa sunan Nelson Mandela a 2015, sun wajabta a isar wa fursuna mai larurar ji ko gani bayanan gidan yari ta hanyar da zai gane. Sun kuma haramta keɓe kowane fursuna fiye da kwana 15 a jere.

Mu a Nijeriya doka ba ta rasa ba. Sashe na 36 na kundin tsarin mulki ya ce a sanar da wanda ake tuhuma laifinsa a harshen da yake fahimta, a kuma ba shi tafinta kyauta. Ƙasar ta rattaba hannu kan yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu buƙata ta musamman, ta tabbatar da ita a 2010. An sa hannu kan dokar hana nuna musu wariya a watan Janairu na 2019, a shekarar kuma aka sauya wa hukumar gidajen yari suna zuwa ta gyaran hali. Amma kusan kashi biyu bisa uku na mutanen da ke gidajen yarinmu jiran shari'a suke yi. Idan mai baki, wanda zai iya roƙon gandiroba ya kira masa ɗan'uwa, yana shekaru ba a kai shi kotu ba, ina ga kurma?

Muna da wata matsala tamu ta daban. Maganar hannun da ake koyarwa a makarantun kurame irin ta Tudun Maliki a Kano tana da tushe a ta Amurka, wadda Andrew Foster ya shigo da ita ta Ibadan a 1960. Kuramen da suka tashi a unguwanni da kasuwannin ƙasar Hausa kuwa suna da tasu maganar hannun ta gado, wadda Constanze Schmaling ta yi nazarinta a Kano ta wallafa littafi a kai a 2000. Wasu a ƙauye ishararsu ta gida ce kawai. Saboda haka kawo tafinta kaɗai bai wadatar ba. Tafintan makaranta zai iya tsayawa gaban kurman kasuwa yana ta motsa hannu, alƙali ya ɗauka ana fahimtar juna, alhali ba a yi. Kiran ɗan'uwan wanda ake tuhuma ya yi tafinta shi ma haɗari ne, domin a rigimar gida ko ta gado mai yiwuwa shi ne mai buƙatar a ɗaure shi.

Malaman fiƙihu sun riga mu tunanin wannan. Malikawa suna karɓar isharar wanda ba ya magana a matsayin iƙirari da sharaɗin ta zama ishara ce da aka fahimta. Hanafawa ba sa tsayar da haddi da ita, don gudun shubuha. Duk ɓangaren da alƙalin kotun shari'ar Musulunci ya bi, nauyin tabbatar da fahimtar yana wuyansa.

Abin da nake nema ba ya buƙatar sabuwar doka. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta ba da damar ɗaukar bidiyon mai amsa laifi. Ga kurma ya kamata hakan ya zama dole, kuma fuska da hannayensa da na tafinta su fito sarai, yadda wani masani zai iya sake dubawa. Kada kotu ta gina hukuncin kisa ko ɗaurin rai da rai a kan iƙirarin kurma da ba a ɗauka haka ba. Inda wanda ake tuhuma bai yi makaranta ba, a haɗa tafinta da wani kurma da ya san isharar yankinsa. Ƙungiyar kurame ta ƙasa da ta tafintocin maganar hannu suna da mutanen da za su iya wannan aiki, a nemi taimakonsu, a biya su. Alƙali ya rubuta a takardar ɗauri cewa fursunan kurma ne da irin tanadin da za a yi masa. Hukumar gyaran hali ta riƙa rubuta kurame tun a bakin ƙofa, ta tara su a gida ɗaya a kowace jiha ko shiyya don su samu abokan magana, kamar yadda jihar Texas take yi a gidan yarin Estelle, ta koya wa wasu gandirobobi maganar hannu, ta kuma sa ankwa ta gaba sai in akwai haɗari a fili.

Za a ce gidajen da abinci ma bai wadata ba, ina kuɗin wannan? Rubuta suna a rajista, kunna fitila a lokacin ƙidaya, da sa ankwa ta gaba ba sa cin ko kwabo. Kuɗin tafinta na kwana biyu bai kai na ciyar da mutum shekara goma yana jiran shari'ar da ba za ta yiwu ba. Shari'ar da aka yi ba fahimta kuma tana iya rushewa a ɗaukaka ƙara, iyalan wanda aka kashe su tashi a banza, ko a ɗaure wanda bai ji ba bai gani ba, mai laifin na gaske yana yawo.

Manyan alƙalan jihohi suna zagaya gidajen yari lokaci zuwa lokaci don rage cunkoso. Ina roƙonsu, a ziyara ta gaba su tafi da tafinta, su tambayi shugaban gidan kurame nawa ne a hannunsa, a kawo su ɗaya bayan ɗaya, a tambayi kowanne ko ya san laifin da ake tuhumarsa da shi da ranar da zai fita. Wanda ya kasa amsawa, a buɗe fayil ɗinsa a ranar.