Garanti Ya Ƙare, Talabijin Ta Lalace: Wa Zai Ɗauki Asara?

Duk wanda yake hulɗa da shagunan kayan lantarki na Adjamé da Treichville a birnin Abijan ya san amsar da ake ba mutum idan ya dawo da talabijin bayan wa'adin garanti ya cika. Mai shago zai dubi takarda, ya ƙirga watanni, ya ce lokaci ya wuce, je ka wurin mai gyara. Mutanenmu kuwa, da yake mun saba da barin komai ga Allah, sai mu ɗauki kayanmu mu tafi, mu ce ƙaddara ce. To, ni a ganina wannan haƙuri ya yi yawa, domin dokar ƙasar nan ba ta rufe maganar a ranar da garanti ya ƙare ba.

Maganar ta taso ne yanzu saboda dalili. Lokacin gasar cin kofin Afirka da Kodebuwa ta karɓi baƙuncinta daga 13 ga Janairu zuwa 11 ga Fabrairun 2024, wadda ta lashe bayan ta doke Nijeriya da ci 2 da 1, gidaje da masu shayi da masu gidan kallo da dama sun sayi sabuwar talabijin. 'Yan kasuwarmu ma sun yi sari sun kai Noé da Ouangolodougou da sauran kasuwannin kan iyaka. Garantin da ake bayarwa yawanci watanni ne ko shekara guda, ke nan na waɗannan kaya tuni ya ƙare, kuma wasu har sun fara nuna halinsu: wata hoto ya ɗauke sai murya, wata layi ya tsaga fuskar, wata kuma ta ƙi kamawa ɗungurungum.

Ya kamata mai karatu ya gane cewa garanti iri biyu ne. Akwai wanda kamfani ko mai shago yake bayarwa don raɗin kansa, shi ne na takardar da ake sakawa cikin kwali, kuma shi ne mai wa'adi. Akwai kuma wanda doka ta ɗora wa duk mai sayarwa, ko ya so ko bai so ba. Kundin dokokin mu'amala, wato Code civil, wanda Kodebuwa ta gada daga Faransa, ya yi bayaninsa tun daga sashe na 1641. Abin da ya ƙunsa shi ne, mai sayarwa yana da alhakin ɓoyayyen aibin da ke jikin kaya tun ranar ciniki, matuƙar aibin ya hana kayan yin aikin da aka saye su dominsa, ko ya rage amfaninsu ta yadda da mai saye ya sani da bai saya ba, ko da bai biya wannan kuɗi ba. Sashe na 1644 ya ba mai saye zaɓi: ko ya mayar da kaya a ba shi kuɗinsa, ko ya riƙe su a rage masa wani abu. Idan kuwa mai sayarwa ya san da aibin ya yi shiru, sashe na 1645 ya ƙara masa da biyan diyya. Bayan wannan, akwai doka mai lamba 2016-412 ta 15 ga Yunin 2016 da aka yi musamman don kare masu saye, wadda ta wajabta wa ɗan kasuwa ya yi wa abokin cinikinsa bayanin kaya da farashinsu.

Wannan hukunci ba baƙo ba ne gare mu. Malamanmu na Malikiyya sun daɗe suna karantar da shi a babin ciniki, cewa wanda ya tarar da tsohon aibi a abin da ya saya yana da damar mayarwa, kuma ɓoye aibi algus ne.

Amma fa gaskiya ɗaya ce, ba kowace lalacewa ce laifin mai shago ba. Wutar lantarki tana zuwa da ƙarfi ta ƙona na'ura, tsawa tana bi ta eriya, laimar bakin ruwa ta Abijan tana cin ƙarfe, yara suna buga ƙwallo a ɗaki. Duk waɗannan ba aibi ba ne na asali, kuma wanda ya ɗora su a kan mai shago ya zalunce shi. Nauyin kawo hujja yana kan mai saye. Don haka kuskuren farko da mutanenmu suke yi shi ne kai talabijin wurin yaro mai gyara na bakin titi ya farke ta, ya cire wannan ya liƙa wancan, sannan a tuna da mai shago. A lokacin an riga an ɓata shaida. Abin yi shi ne a fara sanar da mai shago a rubuce, a riƙe kwafi, sannan a nemi ƙwararren mai gyara ya duba ya rubuta abin da ya gani. Kada kuma a yi nawa, domin sashe na 1648 ya ce cikin ɗan gajeren lokaci ake kai ƙara. Idan sulhu ya gagara, akwai ofisoshin ma'aikatar ciniki, akwai ƙungiyoyin kare masu saye irin su UFC-CI, sannan kotu.

Yanzu bari in juyo gare ku, Alhazai masu sari, domin ku abin ya fi shafa, ku ne masu saye a Treichville kuma masu sayarwa a kan iyaka. Cinikin da ke tsakanin ɗan kasuwa da ɗan kasuwa yana ƙarƙashin dokar OHADA ne, wadda ƙasashe 17 suke aiki da ita, ciki har da Kodebuwa da Nijar da Benin da Burkina Faso da Mali da Togo, kuma babbar kotunta a nan Abijan take. Dokar da aka sabunta a 2010 ta ce aibin da ido yake gani a ranar karɓar kaya, wata ɗaya gare ka ka sanar da dila, idan ya wuce ka rasa haƙƙinka. Ɓoyayyen aibi kuwa, shekara ɗaya gare ka daga ranar da aka gano shi ko ya kamata a gano shi. Nijeriya da Gana ba sa cikin wannan tsari, kowace da dokarta, ke nan wanda ya tsallaka da kaya ya san inda ya sa ƙafa.

To, yaya za ka kama dila alhali ba ka da rasit? Da yawanmu muna ɗaukar talabijin ashirin ko talatin da baki kawai, saboda an rage mana wani abu idan ba a rubuta takarda ba, ko don gudun kwastan. Ranar da biyar suka dawo daga hannun masu saye, sai ka rasa na kamawa. Ko ka biya daga aljihunka, ko ka ce da talaka ciniki ya ƙare, ka zubar da sunan da iyayenmu fataken goro suka gina da amana tun kafin a shata waɗannan iyakoki. Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma ɗan ragin da aka yi maka bai kai kuɗin talabijin guda ba.

Shawarata ita ce, kada ɗan kasuwa ya ɗauki kaya sai da rasit mai ɗauke da sunan shago, da kwanan wata, da lambar jikin kowace talabijin. Shi ma ya rubuta wa wanda ya saya a hannunsa irin wannan. Wanda yake sayar da na hannu, waɗanda ake kira France au revoir, ya faɗa ƙarara cewa na hannu ne, ya kunna a gaban mai saye, a rubuta sharaɗin da aka yi. Shugabannin 'yan kasuwa da sarakunan Hausawa na Adjamé da Treichville kuma su ware dattawa da amintaccen mai gyara guda da za a riƙa kai wa irin wannan saɓani kafin a je ga hukuma, domin kuɗin lauya kan fi kuɗin kayan da ake rigima a kai.

Mai saye ya adana takardarsa ko bayan garanti ya ƙare, mai sayarwa kuma ya ji tsoron Allah ya saurari wanda ya dawo masa da kuka. Allah Ya sa albarka a kasuwanninmu, Ya raba mu da cin haƙƙin juna, amin.