Fonda a kan tsaunin Meksiko da Maman tuwo ta bayan hostel

Jama'a, ni dai a ganina duk ɗalibin da Allah ya kai shi wata ƙasa karatu, ya tsallake ƙananan gidajen abinci ya nufi KFC, to bai ɗanɗana ƙasar ba tukuna.

Ku ɗauki San Cristóbal de las Casas, a jihar Chiapas ta kudancin Meksiko. Gari ne a kan tsaunuka, kusan mita 2,200 sama da teku, da dare sanyi har ƙashi. A can ƙaramin gidan abinci sunansa fonda: tebura 'yan kaɗan, uwargida na girki kana kallonta. Da rana kuɗi ɗaya za ka biya a jero maka romo, shinkafa, girkin ranar da ruwan 'ya'yan itace. Ga kuma tortilla da zafinta, wato gurasar masara fale-fale.

Wannan tortilla ɗin fa ba abin rainawa ba ce. Kafin a niƙa masarar sai an dafa ta da ruwan farar ƙasa ko toka, wanda ke sa jiki ya amfana da bitamin B3 ɗin da ke cikinta. Inda masara ta je babu wannan dabara, kamar arewacin Italiya, talakawa sun sha fama da cutar pellagra mai lalata fata. Ita kanta masarar da muke tuwo da ita, a kudancin Meksiko aka fara nomanta, shekara wajen 9,000 da suka wuce. A 2010 UNESCO ta sa girkin gargajiyar Meksiko cikin kayan gadon duniya. Girkin iyaye mata ne fa aka karrama!

Na san wani zai ce: "To batun halal fa?" Gaskiya ne, sau da yawa da man alade suke soya wake, su kwaɓa tamales. Suna ce masa manteca, ku riƙe kalmar nan. Amma ai nan ne ƙaramin waje ya fi: wadda ta dafa tana gabanka, ka tambaye ta ta gaya maka. Idan bai yi maka ba, ka nemi ƙwai ko kifi, ka ce a soya da man girki.

Abin da ke ba ni haushi shi ne mu nan kamfus. Maman tuwo ta bayan hostel ita ce fondarmu. Ita ke ba mu bashi idan alawi ya ƙare, ta san wanda bai son yaji. Amma da kuɗi sun shigo sai mu ruga wajen shawarma don a ɗauki hoto, bashinta kuwa shiru. Haba ɗan'uwa!

Idan tsafta ce matsalar, a gaya mata ta gyara. Amma a biya ta haƙƙinta tukuna. Ko ya kuka gani?