Ɗan mishan da kututturan gonakin Maraɗi

Aikin mishan ba baƙon abu ba ne a kudancin Nijar. Tun shekara ta 1924 ƙungiyar SIM ta sauka Damagaram, a shekara ta 1950 ta buɗe asibitin Galmi cikin jihar Tawa, a 1956 kuma ta kafa gidan jinyar kutare na Danja kusa da Maraɗi. Samari da ƴan mata da yawa sun baro Amurka, Kanada ko Ostireliya, suka yi shekarun ƙuruciyarsu a waɗannan wurare. Cikin ƙasar da kusan dukkan al'ummarta Musulmi ne, ra'ayin jama'a game da su bai taɓa zama ɗaya ba: waɗansu na yaba jinyar da suke yi, waɗansu kuwa na ganin magani da abinci hanya ce ta jawo mutane zuwa wani addini. Abin da ya cancanci a auna shi ne abin da irin wannan matashi yake bari bayan ya koma gida, kuma labarin Tony Rinaudo ya isa ma'auni.

An haifi Rinaudo a Ostireliya a shekara ta 1957, ya yi karatun aikin gona a jami'a, sannan ya iso Nijar a 1981 tare da maiɗakinsa Liz, yana da shekara 24 a duniya. Kamar kowane sabon ɗan mishan, aikinsa na farko koyon Hausa ne, domin wanda bai iya gaisuwa ba babu maigarin da zai shimfiɗa masa tabarma. Bayan harshe sai sabo da ƙurar hunturu, da zafin bazara, da sauron damana, da doguwar tafiya bisa hanyoyin rairayi daga wannan ƙauye zuwa wancan. Cikin ayyukan da aka ɗora masa har da dashen itatuwa: a reni iri cikin ƴan jikunan leda, a loda a mota, a kai ƙauye, a dasa, a kewaye.

A wancan zamani gonakin jihar Maraɗi sun koma fili fetal. Manomin kirki shi ne wanda ya share gonarsa ƙal, ya sare duk wani tsiro kafin shuka. Iska kan kwaso rairayi ta binne hatsi yana ɗan ƙarami, har mutum ya yi shuka biyu ko uku cikin damana guda. Mata na girki da kara da kashin shanu, abubuwan da ya kamata su koma taki. Dokar gandun daji ta 1974 kuma ta sa itatuwa irin su gawo ƙarƙashin ikon gwamnati, ta yadda manomi zai iya shan tara saboda reshen da ya sara cikin gonarsa ta gado. Wanda ya san icce zai jawo masa tara, ba zai bari ya girma ba. Saboda haka mafi yawan dashen Rinaudo ya mutu: wanda rana ba ta ƙone ba, awaki ko gara suka cinye shi.

A shekara ta 1983, kamar yadda shi kansa ya sha bayyanawa, yana kan hanya ɗauke da irin dashe sai ya tsaya rage iskar tayoyi domin motar ta iya ratsa rairayi. Ransa ya ɓaci, ya roƙi Allah ya nuna masa abin yi. Nan ne ya lura da wani ɗan tsiro a bakin hanya, ya matsa ya duba ganyensa, sai ya gane ashe toho ne na iccen da aka sare, saiwarsa na nan da rai cikin ƙasa. Irin waɗannan kututtura kuwa, na kalgo, sabara, magarya da geza, sun cika gonaki ba iyaka. Dajin da ake ta wahalar dasawa yana nan kwance ƙarƙashin ƙafafun mutane.

Dabarar da ta biyo baya, wadda manoma suka laƙaba wa suna sassaben zamani, ba ta bukatar kuɗi ko rijiya. Lokacin sharar gona, manomi zai zaɓi toho mafi ƙarfi a kan kututture, daga ɗaya zuwa biyar, ya sare sauran, ya rage rassan ƙasa, ya kare shi daga dabbobi da wuta. Da yake tsohuwar saiwa ta riga ta yi nisa inda laima take, tohon kan yi saurin girma fiye da dashe. Amma manoma ƙalilan ne suka yarda su gwada da farko, kuma sun sha dariya da gori. Waɗansu ma da dare aka bi aka sare musu abin da suka rena.

Sai ga yunwar 1984, wadda jama'a suka sa wa suna El-Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya da canjin naira. Mishan ta shiga rabon abinci a ƙauyuka wajen 100, bisa sharaɗin cewa duk mai karɓa sai ya bar itatuwa cikin gonarsa. A nan akwai abin dubawa, domin mai jin yunwa ba ya da bakin cewa a'a, kuma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. An kare itatuwa kimanin dubu 500 ta wannan hanya, amma da rabon ya ƙare sai aka sare kusan kashi biyu cikin uku. Abin da aka yi domin tiyar hatsi, da tiyar hatsi ya tafi.

Kashi ɗayan da ya rage shi ne ya yi aikin da wa'azi da sharaɗi suka kasa. Masu waɗannan gonaki suka ga iska ta daina binne shuka, ganye ya zama taki da abincin dabbobi, rassan da ake ragewa suka zama itacen girki har da na kai wa kasuwa. Gani ya kori ji: maƙwabci ya kwaikwayi maƙwabci, ɗan ci-rani ya kai labari wani gari. A ƙauyen Ɗan Saga na ƙasar Agye, mutane suka kafa kwamitin tsaro domin hana satar icce. Hukuma ma ta sassauta: an yi sabuwar dokar gandun daji a 2004, a 2020 kuma gwamnati ta fitar da dokar da ta amince wa manomi da haƙƙin iccen da ya rena.

Rinaudo ya bar Nijar a shekara ta 1999. Bayan haka masu bincike, cikinsu har da Chris Reij da Gray Tappan, suka kwatanta tsofaffin hotunan sama da na tauraron ɗan adam, suka ƙiyasta cewa hekta wajen miliyan 5 sun farfaɗo, da itatuwa kimanin miliyan 200. A 2018 aka ba shi lambar yabo ta Right Livelihood a ƙasar Suwidin, shekarar da aka ba manomin nan na Burkina Faso, Yakuba Sawadogo. Sai dai adalci ne a faɗa cewa mutum ɗaya ba ya rena itatuwa miliyan 200. A Matamaye, Magarya da Mirya, kiyaye gawo tsohuwar al'ada ce, har ana ba da labarin hukunci mai tsanani da Sarkin Damagaram Tanimun ya tanadar wa mai sare shi tun ƙarni na 19. Baƙon ya tuna wa masu gida abin da kakanninsu suka sani, manoma kuma suka ɗauki nauyin sauran.

Ƙauyukan da ya yi wa hidima suna nan bisa addininsu na Musulunci, shi ma yana bisa nasa, kuma wannan bai hana aikin ɗorewa ba. Darasin ya shafi duk mai zuwa da sunan taimako, ɗan mishan ne, ma'aikacin furoje ne, ko ɗan ƙasa da ya fito lakkwal aka tura shi karkara: ya koyi harshen mutane, ya daɗe tare da su, kada ya ɗaura taimakonsa da sharaɗin da mabukaci ba zai iya ƙi ba, kuma ya bar musu abin da za su iya riƙewa da gatari da hauyarsu.

Sauran aiki yana wuyan hukuma da sarakunan gargajiya. Birane na ƙara cin itace da gawayi, gonaki na ƙara tsukewa wajen rabon gado, masu sara da dare kuma ba su ƙare ba. Muddin manomi bai tabbata cewa iccen da ya rena nasa ne da ƴaƴansa ba, zai koma sharar gona irin ta da. Wajibi ne dokar 2020 ta fito daga ofisoshin Yamai, a karanta ta da Hausa a ƙofar kowane maigari.