Sikeli da kwamfuta: in magana ta yanke, ina za a duba?



Makon jiya wani alhaji mai sayen wake da aya a nan Maraɗi ya kira ni shagonsa, ransa a ɓace. Ya sayi sikelin lantarki, ya kuma biya wani saurayi ya rubuta masa manhajar da za ta ɗauki nauyin buhu ta fidda rasit. A kwamfutar saurayin komi ya tafi daidai. Da aka ɗora ta a ta alhaji sai ta ƙi buɗewa. Ga manoman Tibiri da Jiratawa zaune bakin ƙofa da amalankensu, wasu har sun fara zancen kai kayansu wani wuri.

Sikelin yana magana da kwamfuta ta wata tsohuwar kafa mai haƙora 9 da ake kira RS-232. Ƙa'idarta ta samo asali tun shekarun 1960, kamfanin IBM kuma ya yaɗa mai haƙora 9 ɗin a 1984. Bayan fitowar USB a 1996 kafar ta ɓace daga yawancin kwamfutoci, amma sikeli da injinan rasit da yawa ba su rabu da ita ba. In magana ta yanke, wuri uku ake dubawa.

Na farko, ɗan rakiyar manhaja. Wadda aka rubuta da Visual Basic 6 na 1998, kamar ta alhaji, galibi tana isa ga kafar ne ta fayil mai suna MSCOMM32.OCX. Yana nan cikin kwamfutar marubucin, shi ya sa bai lura ya bar shi baya ba. Kwafe shi kaɗai bai wadatar ba: sai an yi masa rajista da umurnin regsvr32, da izinin mai iko da na'urar. A Windows mai bit 64 kuwa, mazauninsa SysWOW64 ne, ba System32 ba.

Na biyu, igiyar da ke haɗa USB da tsohuwar kafa. Tana bukatar direbanta, kuma jabunta sun yi yawa. In Windows ya nuna kuskure mai lamba 10, a fara zargin igiyar. Haka nan wannan fayil bai san kafar da lambarta ta wuce COM16 ba. Ta alhaji COM19 aka ba ta. Muka mai da ita COM3.

Na uku, saurin magana. In sikeli na aikowa a 9600, dole manhaja ta saurara a 9600, in ba haka ba sai haruffan banza su cika allo. Mai shakkar kafar ya haɗa haƙori na 2 da na 3 da ɗan ƙarfe. In abin da ya buga ya dawo masa, lafiyarta lau.

Kafin la'asar aka auna buhun farko. Shawarata ga ƴan kasuwa, da ma'aikatan gwamnati masu sa hannu a takardar karɓar kaya: kada ku cika kuɗi, kada ku sa hannu, sai an gwada a kwamfutarku, da sikelinku, a gabanku. Ku kuma karɓi fayilolin ɗorawa da direban igiya ku adana. Gani ya kori ji.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.