Ƙwayoyin halitta masu cin ƙarfe: nawa ne kuɗin aikin?

Duk bayan 'yan shekaru sai labarin ya sake dawowa da sabuwar riga: wai masana sun gano ƙwayoyin halitta, waɗanda ido ba ya gani, masu zuƙe dalma daga gurɓataccen ruwa, ko su fiddo tagulla da zinare daga dutse ba tare da an hura wuta ba. Labarin gaskiya ne, amma ya daɗe. Tun 1947 wasu masana biyu a Amurka, Colmer da Hinkle, suka gano bakteriyar da ke rayuwa cikin ruwa mai tsami da ke tsiyayowa daga ramukan haƙar kwal, wadda a yau ake kira Acidithiobacillus ferrooxidans. To, me ya sa har yanzu mafi yawan tagullar duniya daga tanderu take fitowa, kogunan da ke da guba kuma suna nan da gubarsu? Amsar tana cikin lissafin kuɗi, kuma shi ne ɓangaren da masu ba da labarin ke tsallakewa.

Hanya uku waɗannan halittu suke hulɗa da ƙarfe. Ta farko a fatar jikinsu take: bangon ƙwayar bakteriya, ko yis, ko gansakuka yana da wuraren da ke janyo narkakken ƙarfe ya liƙe masa, kamar yadda ƙarangiya ke manne wa riga. Wannan ba ya buƙatar rai, matacciyar ƙwaya ma tana yi. Ta biyu kuwa sai mai rai, wadda ke shigar da ƙarfen cikinta ta killace shi, ko ta juya shi ya zama laka ya kwanta a ƙasan ruwa. Ta uku ita ce ta masu haƙar ma'adinai: bakteriya tana samun abincinta daga ƙarfe da farar wutar da ke cikin dutse, a garin haka ta samar da asid da wani narkakken ƙarfe mai cin dutsen, sai tagulla ko nikel ya fito ya bi ruwa. A duk cikin ukun babu inda ƙarfen ya ɓace. Man fetur da ya malala, bakteriya na iya cinye shi ya zama iska da ruwa. Dalma kuwa dalma ce har abada, wurin zama kawai take sakewa.

Kuɗi na farko shi ne lokaci. Tanderu yana narka tama cikin sa'o'i. A aikin bakteriya kuwa, sai an fasa dutse, an tsiba shi tuli kan shimfiɗar leda mai kauri, ana yayyafa masa asid daga sama, ana hura masa iska daga ƙasa, a yi ta jira watanni, wani lokaci shekaru. Duk tsawon wannan jira jari yana kwance cikin tulin, bashin banki yana haihuwa. Kuma dutsen da ya ƙunshi wajen kashi 70 cikin 100 na tagullar da ke ƙarƙashin ƙasa, wanda ake kira kalkofirit, shi ne ya fi gagarar bakteriya: da ta fara cin sa sai wani ɓawo ya rufe shi, aiki ya tsaya.

Na biyu shi ne wutar lantarki. Ana cewa bakteriya ba ta karɓar albashi, amma masaukinta yana da tsada. A Obuwasi ta ƙasar Gana, a 1994, an kafa masana'antar da ke sa bakteriya ta buɗe dutsen da ya kulle zinare a cikinsa, bisa tsarin da aka fara amfani da shi a mahaƙar Fairview ta Afirka ta Kudu a 1986. Alfanun a fili yake, domin a da gasa dutsen ake yi, hayaƙin farar wuta da gubar asinik ya tashi ya bi iskar gari. Amma dubi abin da aikin ke bukata: manyan tankunan ƙarfe da asid ba ya ci, injinan da ke dama kunun dutsen dare da rana, wasu masu hura iska, da bututan sanyaya shi don kada zafi ya wuce digiri 45, tunda aikin da kansa zafi yake haifarwa. Daga nan a zuba farar ƙasa mai yawa don kashe tsamin. Bayan duk wannan, zinaren bai fito ba tukuna, sai an wanke shi da sayanayid kamar yadda aka saba. Irin wannan masana'anta da aka buɗe a Bogoso, ita ma a Gana, a 2007, an dakatar da ita a 2015 saboda kwalliya ta daina biyan kuɗin sabulu.

Na uku shi ne ruwa, kuma a nan jama'a suka fi ɗaukar asara. A 2008 aka fara fiddo nikel da bakteriya a Talbibara ta ƙasar Finlan, aka yi ta yabon aikin a matsayin haƙar ma'adinai mai tausayin muhalli. Ruwan sama ya yi yawa, ruwa mai tsami ya taru ya fi ƙarfin ma'adanarsa. A Nuwamban 2012 wani tafkin dagwalo ya ɓule, ruwa ɗauke da nikel da yuraniyom ya malala cikin rafuka da tafkunan yankin. A 2014 kamfanin da ke gudanar da mahaƙar ya karye, a 2015 gwamnati ta karɓi wurin da kuɗin masu biyan haraji. Wannan ƙasa ce mai wadata da hukumomin sa ido masu ƙarfi. Wanda ke sha'awar kawo irin wannan tuli inda ruwan sama ke zuba kamar da bakin ƙwarya a Agusta, kuma rijiya ce ruwan shan gari, ya fara duba wannan shafi.

Na huɗu ya shafi masu son tace ruwa. An rubuta dubban takardun bincike da ke nuna yis, fumfuna ko gansakuka na zuƙe dalma da kuromiyom. Yawancinsu a kwalba aka yi gwajin, da ruwa mai tsabta da ƙarfe iri ɗaya tak. Ruwan majema ba haka yake ba: akwai gishiri, akwai toka da kitse da gashi, dukansu suna rige-rigen kama wuraren da ƙarfen zai liƙe. Tun shekarun 1980 aka fitar da kayan tace ruwa na irin wannan a Amurka da Kanada, irin su AlgaSORB, amma ba su yi kasuwa ba, domin zuba farar ƙasa ko amfani da matatar roba ya fi sauƙi da tabbas. Ko an yi nasarar zuƙewa, dusar yis ko gansakukar da ta sha dalma ta zama guba ita ma. A zubar da ita a juji, ruwan sama ya mayar da ita rafi, an gudu ba a tsira ba.

A ƙara da cewa waɗannan halittu ba don mu suke aiki ba. Bakteriyar da ke cikin lakar kogi ita ke juya zaibar masu wankin zinare ta zama nau'in da ke taruwa a jikin kifi. A Bangaladash ma ƙwayoyin halitta na da hannu wajen sakin asinik cikin ruwan rijiyoyin da miliyoyin mutane suke sha.

Duk da haka akwai inda lissafin ya fita. A hamadar Atakama ta Chile, inda ruwan sama ba ya damun kowa kuma akwai tsaunukan dutse mai ƙarancin tagulla da tanderu ba zai karɓa ba, mahaƙar Eskondida tana samun tagulla ta wannan hanya tun 2006. A Budel ta ƙasar Holan, tun 1992 bakteriya ke tace ruwan ƙarƙashin ƙasa na masana'antar tutiya, lakar da ta kwanta kuma a mayar da ita tanderu. Sharuɗɗan iri ɗaya ne: ƙarfen yana da mai saye, ruwan a killace yake, wuta ba ta ɗaukewa, kuma akwai mai wurin da doka za ta kama idan abu ya ɓaci.

Mu auna wannan da abin da ya same mu. A 2010 gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a Zamfara, a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma, saboda ana niƙa dutsen zinare a cikin gidaje, ƙura ta bi tsakar gida inda yara ke rarrafe. Abin da ya tsayar da mace-macen shebur ne da baro: aka kankare ƙasar da ta gurɓata, aka binne ta a rami, aka zuba sabuwa, sannan likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka ba yaran maganin da ke fitar da dalma daga jini. Bagega sai 2013 aka share ta, jinkirin kuma na sakin kuɗi ne. A 2015 abin ya sake aukuwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. A Kano ma, kuromiyom da majemun Chalawa, Sharaɗa da Bompai ke saki, an daɗe da sanin yadda ake kwantar da shi a sake jima da shi. Matatar da za ta yi aiki kullum da mai tilasta doka su ne suka yi ƙaranci.

Ina son a ci gaba da wannan bincike a jami'o'inmu, kuma ina son ya kai ga wani abu. Saboda haka duk wanda ya zo da shi neman kuɗin gwamnati, a ce ya gwada da ruwan majema na ainihi, ya faɗi naira nawa lita dubu za ta ci har da man janareta, ya nuna inda zai kai dusar da ta sha guba, ya kuma kwatanta da farashin farar ƙasa. In ya amsa waɗannan, a ba shi fili da jari. Kafin nan, kuɗin da ke hannu a sa su wajen fitar da injin niƙan dutse daga cikin gari, a koma niƙa da ruwa, a kuma gwada jinin yara.